Launin Tufafi da Halin Zuciya: Tsokaci a Kan Wani Salo da Ke Shigowa Ƙagaggun Labaranmu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wani rubutu da wani matashi daga cikin sababbin 'yan ƙungiya ya kawo mini in duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Tsohon ɗalibina ne, kuma tun yana aji biyar na san yana da hannun rubutu. Na nemi izninsa in yi magana a kan labarin a wannan mujalla, ya yarda, da sharaɗin ba zan ambaci sunansa ko sunan littafin ba, tun da har yanzu yana kan gyara. Ba don in tozarta shi nake wannan sharhi ba. Kuskuren da na gani a wurinsa na gan shi a rubuce-rubuce da dama da ake karantawa a zamanmu na wata-wata, don haka na ga gara a tattauna shi a fili.

Labarin na wata yarinya ne, Hindatu, tun daga 'yanmatancinta har zuwa mutuwar aurenta na fari da rasuwar mijinta na biyu. Zaren labarin bai tsinke ba, hirar da ke tsakanin taurari ma tana da daɗi. Amma marubucin ya ɗaura wa kansa wata ƙa'ida, wato duk halin da zuciyar Hindatu ta shiga sai ya sanya mata tufafi mai launin da yake ganin ya dace da wannan hali. Ranar da ta fara son saurayinta jan leshi ta sa. Ranar da ta ji mijin zai ƙara aure ta fito da koriyar atamfa da koren gyale. Da kaɗaici ya dame ta sai ga ta cikin shuɗi daga sama har ƙasa. Ranar ɗaurin aure fari fat, ranar rasuwa baƙi ƙirin. Ba a nan ya tsaya ba, a kowane wuri sai ya ƙara jimla guda yana bayyana wa mai karatu cewa wannan launi alama ce ta abu kaza.

Na tambaye shi, "Kai kuwa, wa ya gaya maka kore launin kishi ne?"

Ya ce, "Malam, ai binciken masana ne." Ya ciro wayarsa ya nuna mini wani jadawali da ya samo a intanet, an jera launuka a gefe guda, halaye a ɗaya gefen, har da bayanin cewa wai idan ka san launin da mutum ya fi so ka san abin da ke cikin ransa.

To, bari mu fara da masanan, tun da su ya kafa hujja da su. Wanda ya fi yin suna a wannan fage shi ne Max Lüscher, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya gabatar da gwajinsa a 1947. A sigar gwajin da ta fi yaɗuwa ana ba mutum katuna 8: shuɗi, kore, ja, rawaya, shunayya, ruwan ƙasa, ruwan toka da baƙi. Sai a ce ya jera su daga wanda ya fi kwanta masa a rai zuwa wanda ya fi ƙi. Daga wannan jeri ne ake fassara halin da yake ciki. An fassara littafinsa zuwa Turanci a 1969, ya sami kasuwa ƙwarai. Sai dai masanan da suka zo daga baya sun gwada sakamakonsa da na wasu gwaje-gwajen da aka fi amincewa da su, ba su ga sun dace da juna yadda ya kamata ba. Sun kuma lura cewa bayanan da gwajin ke bayarwa irin na malamin duba ne, wanda zai ce maka kana da maƙiya a cikin dangi kuma akwai wata tafiya a gabanka. Wane ne wannan magana ba za ta hau kansa ba?

Akwai wani bincike da ya fi wannan amfani ga marubuci. A 2010 wasu likitoci a birnin Manchester na Ingila suka buga sakamakon wani aiki da suka yi da mutane sama da 300, waɗansu lafiyarsu ƙalau, waɗansu na fama da fargaba, waɗansu kuma da ciwon damuwa. Aka nuna musu faifai mai launuka iri-iri, aka yi musu tambayoyi daban-daban. Da aka tambaye su launin da ya yi kama da halin da suke ciki, masu damuwa da masu fargaba sun fi nuna ruwan toka, masu lafiya kuwa suka fi nuna rawaya. Amma da aka tambaye su launin da suka fi so, sai shuɗi ya zo kan gaba a wajen dukkansu, da mai lafiya da marar lafiya. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani, domin a nan ne jadawalin ɗalibina ya rushe. Launin da mutum zai kwatanta halinsa da shi daban, launin da ya fi so daban. Mace tana iya kasancewa cikin baƙin ciki mai tsanani, amma idan aka buɗe mata akwati ta ɗauki atamfar da ta saba so tun tana budurwa.

A wannan shekara ta 2010 kuma, wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Stephen Palmer da Karen Schloss, suka kawo bayani a kan inda son launi ke fitowa. A ganinsu mutum yana son launi ne gwargwadon yadda yake son abubuwan da ya saba gani da wannan launi. Amurkawan da suka gwada sun fi son shuɗi, launin sararin sama da ruwa mai tsabta, sun kuma fi ƙin rawaya mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, launin ruɓaɓɓen abinci da ƙazanta. Har sun gano daga baya cewa ɗaliban Berkeley sun fi son launukan jami'arsu a kan na abokiyar hamayyarsu Stanford, su ma na Stanford haka. Idan haka ne, ma'anar launi ba daga sama take faɗowa ba, tana fitowa ne daga abin da mutum ya gani, ya ci, ya sa, ya binne. Wannan kuwa ya bambanta daga gari zuwa gari.

Mu ɗauki koren nan na kishi. A bakin Bature ne kishi yake da launin kore, karin maganarsu ce. Bahaushen da ya ga kore abin da zai zo masa shi ne damina ta kankama, ko tutar ƙasa, ko ƙubbar Masallacin Annabi a Madina, ko rigar dogari da ake haɗa ta da ja. Babu kishiya a cikin wannan lissafi. Haka shuɗi, wanda Turawa ke dangantawa da kaɗaici. A ƙasar da marina suka yi ɗaruruwan shekaru suna tsoma zane a karofi, shuɗi mai duhu launin masu hali ne. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi dogon bayani a kan yadda rinannen tufafin Kano ke tafiya har Tambutu da ƙetaren Sahara. Turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda aka rina da baba aka buga su har suna ƙyalli, ba kayan makoki ba ne, kayan fita kunya ne. Wani abin sha'awa ma shi ne, rigar nan da kakanninmu ke kira kore ba koriya ba ce, rinanniya ce mai duhu da sheƙi. Wanda zai rubuta labarin da ya faru a zamanin da, ya ce sarki ya fito da kore, sannan ya fassara mana shi da launin ganye, ya yi ɓatan kai tun daga ƙofar gari.

Farin aure da baƙin makoki su ma suna da tarihinsu a inda suka fito. Sarauniya Victoria ta Ingila ta yi aure cikin farar riga a 1840, abin ya zama yayi. Da mijinta ya rasu a 1861 ta shiga baƙaƙen kaya, ba ta fita daga cikinsu ba har ta mutu a 1901. A Sin da Indiya kuwa fari ne launin makoki na gargajiya. 'Yan'uwanmu mazauna zangon Kumasi sun san cewa maƙwabtansu Asante ja da baƙi suke sawa a wajen jana'iza, idan kuma mamacin ya tsufa ƙwarai a sa fari. A wurinmu fari shi ne na Juma'a da Idi da harami, kuma shi ne likkafani.

Game da baƙin takaba, dole in yi wa ɗalibina adalci, domin bai yi nisa da gaskiya ba kamar yadda na fara zato. A fiƙihun Malikiyya da muka karanta a zaure, mai takaba tana barin ado da turare da kwalli da rinannen tufafi har wata 4 da kwana 10, an kuma yi mata rangwame a kan baƙi. Amma abin lura shi ne, ba a ce ta nemi baƙi don ta nuna baƙin cikinta ba, an ce ta bar ado ne. Abin da idonmu ya saba gani a gidan takaba shi ne tsohon zane, da ƙafa ba lalle, da ido ba kwalli, da kai ba sabon kitso. Marubucin da ya ce mana Hindatu ta aika kasuwa an sayo mata baƙar atamfa an kai wa tela, ya nuna mana mace mai shirin fita biki. Da ya nuna mana tafin hannunta lallen da aka yi mata kafin rasuwar yana koɗewa mako bayan mako, ba a sake wani ba, da ya ba mu launi da lokaci da baƙin ciki a abu guda.

Kada a fahimce ni cewa Hausa ba ta haɗa launi da zuciya. Tana haɗawa, har ma fiye da harsuna da yawa, sai dai ta hanyarta. Launuka uku ne ke ɗauke da wannan kaya: fari da baƙi da ja. Muna cewa farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya, baƙar magana, baƙar wahala, jan hali, jan aiki, jan ido. Ba mu da koren ciki ko shuɗin hali. Wannan bai zo da mamaki ba ga wanda ya san aikin Brent Berlin da Paul Kay na 1969, inda suka nuna cewa harsunan duniya suna fara raba fari da baƙi, sannan ja ya biyo baya, sauran launuka su zo daga bisani. Sauran namu da yawa aro muke yi daga abin da ke gabanmu: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan hanta, ruwan makuba, ruwan zuma, ruwan hoda, har da ruwan omo da zamani ya kawo. Ni a ganina wannan arziki ne da marubutanmu ke takawa su wuce. Duk wanda ya ce ruwan makuba ya kawo wa mai karatu katangar gidan ƙasa da ƙamshinta, wanda ya rubuta sunan launin da Turanci kuwa, kamar yadda ya zama ruwan dare a labaran da ake sakawa a WhatsApp da Facebook, bai kawo masa komai ba sai takardar kanti.

Sannan a lura da inda Bahaushe ke ajiye waɗannan launuka uku. A ciki yake ajiye su, da jini, da ido, da zuciya, wato a jikin mutum, ba a rigarsa ba. Idanunsa sun kaɗa sun yi jajir. Ta rame ta yi baƙi. Leɓensa ya yi fari, fuskarsa ta ɗashe. Ba banza ba magabata suka ce jiki magayi, har John Tafida da Rupert East suka sa wa littafinsu wannan suna a shekarun 1930. Kuma ko a nan ɗin ma lissafin bai tafi a miƙe ba. Fari a leɓe ciwo ne ko yunwa. Farar ƙafa ba yabo ba ne ga mace. Daga baƙar tukunya kuma ake fid da farin tuwo.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wanda ya wuce batun gwaninta. Tun daga littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau, an saba da wani fasali: tauraruwa fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya, kishiya ko uwar miji ko 'yar aiki mai makirci kuwa baƙa ce, gajera. Ba duka marubuta ke yin haka ba, amma masu yi suna da yawa, kuma ɗalibina ya bi sahunsu, ya yi wa kishiyar Hindatu baƙi wuluk kafin ta buɗe baki ta ce komai. A nan an ɗauki baƙin da ke cikin baƙar zuciya, wanda magana ce ta kwatance, an shafa shi a fatar mutum, wadda halitta ce. Ni malamin makaranta ne, ina kuma ganin masu karanta waɗannan littattafai kowace safiya. Na ga 'yan mata 'yan shekara 15 da suka tafi hutu da fatarsu lafiya, suka dawo fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi, saboda mayukan bilicin, waɗanda wasunsu ke ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda. Ba na cewa littafi ne kaɗai ya jawo haka, akwai fina-finai, akwai samari da bakinsu. Amma marubucin da ya maimaita wa yarinya sau ɗari cewa fara ita ce ake so, baƙa ita ce muguwa, ba zai wanke hannunsa ya ce ba ruwansa ba.

Akwai kuma wata tambaya mai sauƙi da masu jadawali ba sa yi: wa ya zaɓi tufafin? Kafin launi ya nuna abin da ke zuciyar mutum, sai in shi ya zaɓe shi da kansa. Amarya a ƙasar Hausa tana shekara tana sa kayan lefe, waɗanda 'yan'uwan ango mata suka zaɓo a kasuwa. Ranar biki anko ake yi, mai murna da mai jin haushi duk atamfa ɗaya. Ɗalibi da ɗan sanda da ma'aikaciyar asibiti an riga an yanke musu. Talaka kuwa abin da ya wanke ya bushe shi zai sa. Mutumin da ya fito da jar hula a Kano a yau, ba wanda zai ce yana cikin fushi ko soyayya, kowa ya san maganar Kwankwasiyya ce. Saboda haka wurin da marubuci zai sa ido shi ne inda tauraro ya saɓa wa abin da aka zaɓa masa: ƙawar amarya da ta ƙi ɗinka anko, ko matar da ta bar lefenta a akwati ta koma zannuwanta na gida. Ko a wajen masu zane ma haka abin yake. Ana yawan kafa hujja da Picasso, wanda ya yi shekaru daga 1901 zuwa 1904 kusan duk zanensa shuɗi ne bayan abokinsa ya kashe kansa. Abin da ya sa aka gane wani abu ya same shi shi ne an san yadda yake zane kafin nan, an kuma ga ya sauya. Dubban masu zane sun yi aiki da shuɗi ba tare da an yi musu mutuwa ba.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa a kan wannan matashi shi ne, a babi na 9 ya manta da jadawalinsa, kuma a nan ne ya yi rubutu mafi kyau a littafin. Bayan an saki Hindatu ta koma gidan mahaifinta, sai ta buɗe tsohuwar adakar mahaifiyarta da ta rasu, ta ɗauko wani zane ruwan goro da ya koɗe, ta ɗaura. Kwana uku ba ta sauya ba. A rana ta uku gwaggonta ta shigo ta tarar da ita a bakin murhu, ta tsaya ta dube ta, ta ce, "Ke 'yar nan, tashi ki cire zanen nan, kada babanki ya shigo ya gan ki da shi." Hindatu ta ce, "To, Gwaggo," amma ba ta tashi ba. Marubucin bai ƙara ko kalma ɗaya ta bayani ba. Ruwan goro ba ya cikin jadawalin kowa a matsayin launin baƙin ciki, amma tun a babi na 2 an nuna mana uwar tana ɗaure da wannan zane ranar da take yi wa Hindatu kitso, don haka da ya sake fitowa mun san wurin wa yarinyar ta gudu, mun kuma san abin da gwaggo ke tsoron uban zai tuna. Labarin ne da kansa ya ɗora wa launin ma'ana, bai aro ta daga waje ba.

Da na nuna masa wannan wuri, sai ya ce shi a ganinsa babin ne ya fi rauni, domin bai bayyana alamar ba, har yana shirin ya mai da zanen baƙi. Na ce masa idan ya taɓa zanen nan kada ya sake kawo mini rubutunsa. Mun yi kusan awa biyu muna ja-in-ja a ɗakin malamai bayan an tashi. Ya yarda ya cire jimlolin da ke fassara launuka, ya yarda ya bar Hindatu ta yi takaba da tsofaffin zannuwanta, ya kuma ce zai sake duba siffar kishiyar. Koriyar atamfar dai ya ƙi cirewa, wai yana son yadda ta fito a wurin. Na ce ya bar ta, amma ya sa ta zama cikin kayan faɗar kishiya da mijin ya kawo mata. Ya rubuta wannan a bayan littafinsa, ya ce zai kawo babin a zamanmu na wata mai zuwa a karanta a gaban kowa.